Fijo 504 mai buɗaɗɗen sama: rufin ya yage, in saya ko in haƙura?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masana tsofaffin motoci ku matso kusa, shawara nake nema. Akwai wani dattijo maƙwabcin surukina a Kaduna da Allah ya yi wa rasuwa bara, ya bar wata Fijo 504 amma ba irin wadda muka saba gani ba, wannan ƙofa biyu gare ta kuma samanta na yadi ne ana naɗe shi ya koma baya. Tun ina zuwa zance unguwar nake hangenta a gindin mangwaro an lulluɓa mata tamfol, yau ga shi Ummi har ta shiga firamare motar tana nan inda take. Yanzu magada suna so su rabu da ita, jiya na je aka yaye min tamfol ɗin. Fenti fari ne kuma ba laifi yana sheƙi, ban ga alamar ta taɓa cin karo ba, fitilun gaba guda huɗu ne kowacce daban, na baya kuma uku-uku a karkace. Amma rufin kam ya gama yawo, ya yage ta wajen direba har hannu yana shiga, robar bayan nan da ake gani ta ciki ta koma ruwan ɗorawa ta tsattsage, ciki kuma yana warin daɗewa. Abin da ya fi damuna rufin ne, a ina zan samu wanda zai yi min shi? In na samu mai ɗinka rufin ina ganin sauran mai sauƙi ne tunda Fijo ce.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam. Oga ka saya kawai kar ka tsaya dogon tunani, 504 fa aka ce. Mu nan Kaduna aka haɗa ta a Kakuri tun 1975, babu wani kusa a jikinta da ba za ka samu a Panteka ba, in babu ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano. Rufi kuma ai ko masu yi wa Keke Napep tamfol za su yanka maka su ɗinka a kwana biyu.

Na Lyon:
Ɗan Panteka ka yi haƙuri amma a nan kam ka kusa jefa bawan Allah cikin rijiya. Sunan ɗaya ne, jikin ba ɗaya ba ne. Wannan da yake magana ita ce 504 Cabriolet, an fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a 1969 aka daina yin ta a 1983, kuma ba a taɓa haɗa ta a Kaduna ba. Jikinta kamfanin Pininfarina ne yake ƙerawa a Italiya kusa da Turin, sannan a ɗauko shi zuwa Sochaux a Faransa a saka injin da sauran kaya. Tazarar tayar gaba da ta baya ma an rage ta, salun ɗin da kuka sani mita 2.74 ce, wannan 2.55, wato an datse santimita 19. Ƙofa, bonet, but, fenda, gilashin gaba, fitilu, babu ɗaya da zai zauna daga salun. Duka-duka waɗanda aka ƙera a shekara 14 ɗin nan dubu 8 da 'yan kai ne. Baban Ummi yadda ka kwatanta fitilun, huɗu a gaba uku-uku a baya, taka ta farkon ce, tsakanin 1969 da 1974, don daga 1974 aka haɗe fitilun.

Ɗan Panteka:
To injin fa? Kar ka ce min shi ma daga Italiya za a kawo.

Na Lyon:
A'a injin kam kana da gaskiya, ɗan gida ne, silinda huɗu, na farko 1.8 daga baya 2.0, kuma da yawa daga kayan cikinsa za a samu a wajenku. Sai dai ita da injekta ta zo irin ta Kugelfischer ba kafireto ba, in ba an riga an canza mata ba.

Mai Walda:
Ni duk maganar rufi da injin ɗin nan ba ta gabana. Baban Ummi tambaya ɗaya zan maka, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta? Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa? Don ka ce rufi ya yage hannu yana shiga kuma mota tana gindin mangwaro shekara da shekaru, to duk ruwan Agusta da aka yi a Kaduna tun wancan lokacin ina kake tsammanin ya tafi? Cikin kafet ya kwanta. Kafet da soson da ke ƙarƙashinsa suna riƙe ruwa wata da watanni, tamfol ɗin da aka lulluɓa kuma ya hana iska shiga, sai ya zama kamar ka rufe tukunya. Warin da ka ji ba na daɗewa ba ne, na ruɓa ne.

Abin da mutane ba su ganewa game da mota mai buɗaɗɗen sama shi ne, mota mai rufin ƙarfe kamar akwati take, rufin yana riƙe gaba da baya. Ita wannan an cire mata murfin akwatin, to duk nauyin ya koma kan dokin ƙofa, ƙarfen nan dogo da ke ƙarƙashin ƙofa tun daga bayan tayar gaba har gaban tayar baya, shi da daɓen ƙasa. Su ne ƙashin bayanta. In suka ci tsatsa motar tsakiyarta take lotsawa, kuma tsatsar dokin ƙofa daga ciki take farawa don rami ne a tsakiyarsa, kafin ka gan ta a waje ta riga ta cinye na cikin. Rufi yadi ne malam, ko yau ka cire ka yar motar tana nan. Dokin ƙofa in ya tafi ba mota gare ka ba, kujeru gare ka a kan taya.

Baban Ummi:
Gaskiya ban leƙa ba Oga, manyan kaya ne a jikina kuma 'ya'yan mamacin suna tsaye a kaina, kunya ta hana ni kwanciya a ƙasa. Amma fa fentin lafiya lau yake har ƙasan ƙofar.

Mai Fenti:
Hhhh fenti lafiya lau a motar da ta haura shekara 50, wannan shi ne abin tsoron ai. Sana'ata ce, ni na san abin da muke binnewa. In mai mota ya ce a rufe masa kawai zai sayar, bodi fila ake dama wa a cike rami a goge a fesa, wlh sai ka rantse daga kamfani ta fito. Ka nemi ɗan maganaɗisu mara ƙarfi sosai irin na jikin firij, ka naɗe shi a ƙyalle don kar ya karce fenti, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin inda taya take shiga da ƙasan fenda ta bayan tayar gaba da gindin gilashin gaba. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya sulale ya faɗi fila ce. Kuma ka duba ko fenti ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar ƙyanda, wannan tsatsa ce take turowa daga ƙasa.

Tsohon Direba:
Yara kuna ta tsorata shi. Ni na ja 504 daga Kaduna zuwa Maiduguri ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, lokacin da ita ce motar gwamnati, daga kwamishina har babban sakatare ita suke hawa. Motar nan ba ta san gajiya ba, ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Arewa kuma ba Legas ba ce, ƙasarmu busasshiya ce, ƙarfe ba ya ruɓewa haka kawai. Na ga 504 da ta shekara 20 a ajiye aka zuba mai aka tura ta tashi.

Mai Walda:
Baba Allah ya ƙara girma, ba na ja da kai kan ƙarfin 504, amma wadda ka ja rufin ƙarfe ne da ita ruwa ba ya shiga cikinta. Kuma ita wannan ba mu san shekara nawa ta yi a Turai kafin a kawo ta ba, can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana maƙalewa a lungunan fenda ya yi ta ci ko motar ta dawo Sakkwato.

Na Lyon:
Baba abin da Mai Walda ya faɗa haka yake. A nan Faransa duk wanda ya san 504 Cabriolet da Coupé, 'yar uwarta mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, abu na farko da zai ce maka tsatsa, don ƙarfen da aka yi jikin ba a ba shi kariya mai kyau ba tun daga farko, sun fi salun ɗin ruɓewa nesa ba kusa ba. Masu saye a nan ba sa ko tambayar injin sai sun gama da dokin ƙofa da daɓe da cikin but. Tun 2018 da aka tsaurara binciken lafiyar mota, tsatsar da ta huda ƙarfe mai riƙe mota tana iya hana ta takarda.

Tsohon Direba:
To na ji. Amma in ni ne, tunda rufin ne ke kawo ruwan, sai in sa a yi mata rufin ƙarfe a walde shi gaba ɗaya a huta. Wa zai buɗe sama a ranar Kano ma? Ƙwaƙwalwa za ta dahu.

Maman Hanif:
Haba Baba! Ai in aka yi haka an kashe ta. Kamar ka sayi doki ne ka yanke masa ƙafa don kar ya gudu. Darajarta duk a buɗewar nan take, in aka walde sama ta zama ba salun ba ba Coupé ba, babu mai sayenta ko a nan ko a waje. Kuma ba da tsakar rana ake buɗewa ba, da yamma ne bayan la'asar ko ranar ɗaurin aure.

Bari in yi maganar rufin tunda ɗinki sana'ata ce, maigidana kuma kujerun mota yake yi. Ɗan Panteka tamfol ɗin Keke ba zai yi ba, ba don ba za a iya yankawa ba, a'a shi tamfol ɗin Keke ɗaure shi ake yi ya zauna wuri ɗaya, wannan kuwa naɗe shi za a dinga yi ana warwarewa, tamfol mai kauri in ka naɗe shi sau ashirin a wuri ɗaya zai karye a kan layin. Yadin da ake yin na kirki da shi ninki uku ne, saƙa a sama, roba a tsakiya, wata saƙar a ciki. Kuma dan Allah Baban Ummi ko ya zama tsumma kar ka bari a yaga tsohon a yar, shi ne samfurin da za a auna sabo da shi, a warware shi ta bakin ɗinki a hankali a shimfiɗa. Sai dai a san cewa ya tsuke saboda rana, in aka yanka daidai da shi sabon ba zai kai bakin gilashi ba. Abin da ya fi yadin muhimmanci ƙarafunan da ke cikinsa ne, haƙarƙarin nan masu lanƙwashewa, in ɗaya ya karye ko ya murɗe ko makullin gaba ya ɓata to nan ne kuka, don yadi ana samu, su kuwa sai an sha wuya.

Na Lyon:
Hajiya ta gama magana. Irin yadin da take faɗa a nan alpaga suke ce masa, kuma ana sayar da rufin 504 Cabriolet ɗinkakke har da robar bayan, don akwai masu yi wa tsofaffin motoci. Ba shi da nauyin da zai gagari a saka a jaka. Robobin da ke zagaye da gilashi da bakin rufin su ma a saya tare, in ba haka ba sabon rufi zai yi yoyo kamar tsohon.

Ɗan Panteka:
Ni dai har yanzu ina ganin kuna kambama abin. Fanal-bita namu fa ba wasa ba ne, ka ba shi falle ɗaya na ƙarfe da guduma ya fitar maka da fenda. Ko dokin ƙofar ya ruɓe ai yanka shi za a yi a sa wani.

Mai Walda:
Za a iya, ni ma ina yi, ban ce ba za a iya ba. Amma ka tambayi wanda zai yi ɗin ta ina zai fara. In ya ce maka yanka zai fara to ka ɗauke motarka. Sai an fara walda ƙarafuna a gicciye a bakin ƙofofin biyu, gaba da baya, an ɗaure jikin ya tsaya yadda yake, a ɗora ta a wuri mai daidai, sannan a yanka gefe ɗaya a gama shi kafin a taɓa ɗayan. In ka yanka ba ka ɗaure ba motar za ta buɗe ko ta tsuke, ka gama walda ƙofa ta ƙi rufuwa, rufin da aka kawo daga Faransa ya ƙi kaiwa, kuma ba ta gyaruwa sai an sake yankawa. Na biyu waldar kabaid da yawancinmu muke yi tana zafafa ƙarfe da yawa, falle mara kauri sai ya yi ta murɗewa, shi ya sa ake cika fila a kai don a ɓoye. Aikin nan na'urar walda ta lantarki da ake ce wa MIG yake so, ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa. Ba aikin sati ba ne, kuma kuɗinsa yana iya ninka kuɗin rufin sau da yawa.

Baban Ummi ga abin da za ka yi, ka koma da kayan aiki ba manyan kaya ba, da tocila da sukudireba da jak. Ka fara buɗe ƙofofin ka rufe tana ƙasa, ka kalli tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta sama da ta ƙasa ko daidai suke. Sai ka ɗaga gefe ɗaya ka sake buɗewa. In ƙofa ta cije ko tazarar ta canza to ƙashin bayan ya yi laushi. Ka lura da jak ɗin kansa, in ka ji ƙaras-ƙaras yana nutsewa cikin ƙarfe ka sauke nan take. Ka ɗaga kafet gaba da bayan kujeru, ka cire tayar safaya ka duba ƙasan but, ka duba ramin da rufin yake kwanciya in an naɗe shi don yana da 'yan hudojin fitar ruwa kuma na tabbata ganyen mangwaro ya toshe su. Sannan ka leƙa inda ƙafafun baya suke kama jiki, in nan ya ci to magana ta ƙare.

Abu Maraɗi:
Ina biye da ku tun safe. Nawa suka ce ne wai? Mu nan ma akwai masu neman irinta.

Baban Ummi:
Hhhh Abu ba zan faɗa a nan ba, ɗaya daga cikin 'ya'yan yana cikin wannan gidan yana karanta mu, ina gaishe shi. Gobe in sha Allahu zan koma.

Tsohon Direba:
Ka tafi da bakanike, kar ka sa kanka ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, a sa mata dutse ko katako. Allah ya tsare.

Baban Ummi:
Salam, na dawo da rahoto. Na je da wani fanal-bita da surukina ya haɗa ni da shi, mun yi wajen awa uku. Gefen fasinja Alhamdulillah, maganaɗisu ya kama tun daga gaba har baya, mun ɗaga ƙofa ta buɗu ta rufu ba wani canji. Gefen direba kuwa, wato inda rufin ya yage, Mai Walda kamar kana wurin. Muna ɗaga kafet sai ga soson ya zama baƙi yana marmashewa, daɓen wajen ƙafar direba na danna sukudireba ba da ƙarfi ba ta wuce, na ga ƙasa ta ramin, faɗinsa ya kai tafin hannuna bayan mun kankare. Dokin ƙofar daga tsakiya zuwa baya maganaɗisu ya ƙi zama, Mai Fenti filarka ce cike. Da muka ɗaga wannan gefen ƙofar ba ta cije gaba ɗaya ba amma sai da na ɗan ɗaga ta da hannu kafin ta shiga makulli. But lafiya, tsatsar sama-sama ce kawai, inda ƙafafun baya suka kama shi ma mun buga ya yi ƙara mai kyau. Ramin rufin kuma mun kwaso ganye da ƙasa ya kusa cika bokitin fenti.

Hajiya ƙarafunan rufin duk suna nan babu wanda ya karye, sun dai ƙage, mun zuba mai mun bar shi ban yarda an tilasta ba. Makullin gaba na dama ne babu. Injin kuma an riga an mayar da shi kafireto tun tuni, babban ɗan ya ce yana jin tsohon famfon injektan yana cikin wani kwali a sito za su duba.

Ɗan Panteka:
Ka ga ni, gefe ɗaya ne kawai. Saya!

Mai Walda:
Gefe ɗaya da aka gani. Ƙofar da sai an ɗaga ta ɗin nan tana iya zama hinjin ne ya gaji, tana iya zama na cikin dokin ƙofar ya fara tafiya, ba za a sani ba sai an kankare filar an yanka ɗan taga an leƙa. Ni a ganina tana gyaruwa tunda baya da gefen fasinja suna da rai, amma farashin da aka faɗa maka lokacin da kowa yake ganin rufi ne kawai matsalar ba shi ne farashinta yanzu ba. Ka nuna musu ramin da idonsu. Kuma kar ka yi odar rufi tukuna, sai an gama walda an daidaita ƙofofi, rufin shi ne na ƙarshe.

Maman Hanif:
Kafin nan dai a janye ta daga gindin mangwaron a sa ta a rumfa, a cire kafet ɗin gaba ɗaya ta sha iska, tamfol ɗin nan kuma a daina ɗaure shi har ƙasa. Damina saura wata biyu.

Na Lyon:
Ka ɗauko min hoton ƙaramin allon lambar da ke cikin bonet da hoton makullin hagun da ya rage ta gaba da baya, zan tambaya a wajen masu tsofaffin kayan Fijo a nan ko za a dace da na daman. Famfon nan kuma in an same shi ka sa a cikin cinikin, ko ba ya aiki.

Baban Ummi:
To madalla, na gode ƙwarai. Na yi magana da babban ɗan yanzu, ya ce sai ya tuntuɓi sauran magada da mahaifiyarsu kan ragin, amma ya amince a tura ta cikin garejin surukina ranar Asabar ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Tayoyin duk huɗun sun kwanta kuma birkin baya ya kama, wa yake da lambar mai janwe a wajen Unguwar Rimi ya turo min ta inbos.